Ibrahim Yaro Yahaya: Malamin da Ya Mayar wa Yara Waƙoƙinsu

 

In aka ce mu lissafo marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, ba wanda zai yi inda-inda. Za mu ce Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja, Aliyu Namangi, Aƙilu Aliyu, Na'ibi Sulaiman Wali, Mudi Sipikin, mu yi ta jerowa. To, a ce mana a cikinsu wane ne mawaƙin yara? Nan fa sai baki ya mutu. Waƙoƙin yara kam Hausa na da su jingim, masu su ne ba a san sunayensu ba. Kaka ce da ke lallashin jika, da yarinyar da ke ba da waƙa a dandali, da yaron da ke buga gwangwani a daren azumi. Yau zan yi magana ne a kan mutumin da ya fi kowa tsayawa kusa da gurbin nan da babu kowa a ciki, wato marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, Bakanon da aka haifa a 1944, ya rasu a 1995. Ba a san shi da dogayen ƙasidu irin na Aƙilu Aliyu ba. Abin da ya yi shi ne ya tattara abin da yara ke rerawa da abin da ake rera musu, ya tsara shi, ya mayar musu a littafi.

BIRNIN DA YA TASO A CIKI

Kafin a fahimci aikinsa sai an san irin Kanon da yaro ke buɗe ido a cikinta a shekarun 1940 da 1950. Birni ne cikin ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. A cikinta unguwanni ne a cushe, lungu na bin lungu, gida na jingine da gida. Yaron birni yana da makarantu uku tun kafin a yi maganar boko, kuma dukkansu da murya ake karatu a cikinsu.

Ta farko ɗakin tsohuwa. Bayan an ci tuwon dare sai a kewaye ta, a yi ta Gizo da Ƙoƙi, da Bora da Mowa, da Dodo. Wanda duk ya saurari tatsuniya ya san ba zube ba ce zalla. In labari ya kai inda ya fi tsanani, marainiya ta rasa mafita, ko amarya za ta ambaci sunan da aka ɓoye, sai mai ba da tatsuniya ta sauya murya ta rera, yara su amsa. Waƙar ce ke riƙe da labarin, ita ce kuma ke saura a kai bayan an manta sauran.

Ta biyu makarantar allo. Nan ma kunne ke gaba da ido. Yaro na rera sunayen babbaƙu da farfaru da wata murya ta musamman tun bai san abin da suke nufi ba.

Ta uku dandali. In farin wata ya fito, 'yan mata su yi da'ira su kama gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amshi da tafi, wata ta saki jiki ta faɗo da baya a cafe ta a cilla. Maza kuma na gefe suna langa da kokawa. In azumi ya kai kwana goma sai tashe ya kankama, yara su bi gida-gida da shigar tsofaffi da malamai da masu magani, a birnin Kano kuma ga Nalako sarkin gwagware da tasa tawagar.

Wata mai bincike Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 ta nazarci rayuwar yara a Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta nuna cewa da yake matan aure na kulle, yara ne ƙafafunsu: su ke kai aike, su ke talla, su ke shiga kowane gida ba shamaki. In muka ɗora wannan a kan batunmu, za mu gane yadda waƙa ke yawo a birni. Yarinyar da ta ɗauki farantin talla daga wannan unguwa zuwa waccan, da waƙa a bakinta ta je, da wata kuma za ta dawo.

ABIN DA YA TARAR A RUBUCE

Ibrahim Yaro Yahaya ba shi ne farkon wanda ya sa tatsuniyar Hausa a takarda ba. J. F. Schön ya fitar da Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne su ma sun fitar da nasu a 1913. Ayyuka ne masu daraja, har gobe ana komawa gare su. Sai dai a tambaya, don wa aka yi su? Don jami'in mulkin mallaka mai koyon Hausa, da ɗan mishan, da masanin da ke zaune a Ingila ko Jamus. An ɗebi kayan yaro an kai wa manya, manyan ma baƙi.

Da boko ya zauna, tun daga makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sai buƙatar abin da ɗalibi zai karanta ta taso. Hukumar Talifi da ke Zariya ƙarƙashin R. M. East ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da littattafan zube na farko. Ku lura da wani abu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sunansa ma daga tatsuniya aka aro shi. Bayansa Magana Jari Ce ya zo, juzu'i uku, a ƙarshen shekarun 1930, ya zama abincin 'yan makaranta. Amma labaransa da dama daga Gabas da Turai aka ɗebo su, Imam ya yi musu rigar Hausa, kuma zube ne.

Ta fuskar waƙa, akwai abubuwa uku da muke yawan cakuɗawa, ya kamata mai son shiga fagen nan ya rarrabe su. Akwai waƙa a kan yara, wadda ake yi wa iyaye, kamar masu kira a sa yara makaranta ko a kula da tsabtarsu. Irin wannan mawaƙan ƙungiyoyin Hikima da Hausa Fasaha na Kano sun saba da ita, kamar yadda suka saba da waƙoƙin wayar da kan jama'a a kan komawa tuƙin dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Akwai waƙa domin yara, wadda babba ya zauna ya tsara don ɗalibi. Babban misalinta Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari, wadda ya yi a 1948 yana malamin makaranta a Sakkwato, don ɗalibansa su haddace labarin ƙasa da tarihinta cikin sauƙi. Sannan akwai waƙar yara su da kansu, ta gaɗa da tashe da cikin tatsuniya. Kashi na uku shi ya fi yawa, shi ya fi daɗewa, shi ne kuma ya fi ƙaranci a littafin makaranta.

TATSUNIYOYI DA WASANNI

A farkon shekarun 1970, yana da shekara ashirin da 'yan kai, Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da aikin da ya sa sunansa ya shiga kusan kowace firamare a ƙasar Hausa: Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, wanda kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford reshen Nijeriya ya fara bugawa daga 1971. Sunan littafin ya faɗi abin da ke ciki. Ga tatsuniyoyi da waƙoƙinsu, ga wasannin yara da abin da ake rerawa in ana yin su. A wannan tsakanin ne kuma Umaru Dembo ya fitar da Wasannin Yara a kamfanin NNPC na Zariya, abin da ke nuna cewa masu ilmin wannan zamanin sun fara jin cewa akwai abin da ke neman suɓucewa.

Muhimmancin littattafan nan shida yana wuri biyu. Na farko, alƙiblar aikin ta juya. Edgar ya tattara don Bature ya koyi Hausa, shi kuwa Malam Ibrahim ya tattara don ɗan Bahaushe ya koyi karatu. Yaron da aka kai aji ɗaya yana ɗari-ɗari da boko, sai ya buɗe littafi ya tarar da Gizon da ya baro a ɗakin kakarsa jiya da dare. Malaman koyar da karatu sun daɗe da sanin cewa yaro ya fi saurin gane rubutun abin da kunnensa ya riga ya sani, domin aikinsa ya ragu zuwa ɗaya: haɗa baƙi da sautin da ke bakinsa.

Na biyu, lokaci ya dace da shi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi zato. A 1977 kuma manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Malamin da aka tura ƙauye da alli da baƙin allo yana buƙatar littafin Hausa da yara za su so. Ya tarar an riga an tanadar masa.

Kada wani ya ɗauka tattarawa kwafe ne kawai. Ku gwada ku gani. Waƙar gaɗa ɗaya, yadda ake yin ta a Yakasai daban, a Dala daban, in aka fita Gaya ko Bichi ta sake kama. Wacce za ka rubuta? Kalmar da ba ta da ma'ana, wadda daɗin sautinta kawai ake so, yaya za ka rubuta ta a bisa ƙa'ida? Ina za ka yanke ɗango? Amshi sau nawa za ka maimaita kafin shafi ya gunduri mai karatu? Habaicin da 'yan mata ke yi wa kishiya ko uwar miji, wanne zai shiga aji, wanne za a bari a dandali? Kowace tambaya a nan hukunci take nema, hukuncin kuma na mai kunnen mawaƙi ne. Shi ya sa ban ga laifin a sa shi cikin sahun mawaƙan yara ba, ko da asalin baitocin na jama'a ne.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta: takarda ba ta ɗaukar komai. Ba ta ɗaukar karin murya, ba ta ɗaukar tafi, ba ta ɗaukar dariyar da ke ɓarkewa in wata ta kuskure amshi. Kuma in aka buga siga ɗaya, sai a wayi gari ana ganin ita ce daidai, sauran kuskure. Wannan hasara ce da duk mai irin aikin nan ke yi. Amma da babu gara ba daɗi.

MALAMIN JAMI'A

Rayuwarsa ta aiki a Kano ta kasance. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta fara a 1960 a cikin Makarantar Nazarin Larabci, ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta tsaya da ƙafarta a matsayin Jami'ar Bayero a 1977. A Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta wannan jami'a, mai fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, ya yi aikinsa har ya kai matsayin farfesa.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne bai ɗauki kayan yara a matsayin tsanin da za a taka a wuce ba. Da ya zo yin digirin digirgir, wanda ya kammala a 1979 a Jami'ar Ahmadu Bello, a kan batun ya tsaya: yadda adabin baka ke tarbiyyar ɗan Bahaushe tun daga ƙuruciya har ya shiga sahun manya. Wato abin da wasu ke kira shirmen yara, shi ya nuna cewa makaranta ce mai tsari. Waƙar reno na koya wa jariri sautin harshensa. Kacici-kacici na wasa ƙwaƙwalwa. Tatsuniya na nuna sakamakon haƙuri da na haɗama. Gaɗa na shirya yarinya ga zaman da ke jiran ta, tana kuma ba ta bakin faɗin abin da ba ta isa ta faɗa a gaban manya ba.

Bai tsaya nan ba. A 1971 NNPC ta buga Daren Sha Biyu, fassararsa ta wasan Shakespeare. Ya fitar da Labarun Gargajiya. Shi da Abdulƙadir Ɗangambo sun rubuta Jagoran Nazarin Hausa. A 1988 kuma ya fitar da Hausa a Rubuce, tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa, littafin da har yau da wuya ɗalibin Hausa ya gama kundinsa bai leƙa shi ba. Mutumin da ya iya fassara Shakespeare, ya iya bin tarihin rubutun ajami da na boko, shi ne bai ji nauyin zama ya rubuta abin da 'yar shekara bakwai ke rerawa ba. Ya rasu yana da shekara hamsin da ɗaya kacal.

BA SHI KAƊAI BA NE A DUNIYA

A Jamus 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, manyan masana harshe ne, amma duniya ta fi sanin su da tatsuniyoyin da suka fara bugawa a 1812. A Ingila Iona da Peter Opie sun ƙarar da rayuwarsu suna bin filayen wasan makarantu, suka fitar da ƙamusun waƙoƙin reno a 1951, da littafi kan al'adu da maganganun 'yan makaranta a 1959. A Siriya Sulaiman al-Isa shahararren mawaƙin siyasa ne, amma bayan yaƙin 1967 ya karkata ga rubuta wa yara, 'yan makaranta suka yi ta haddace waƙoƙinsa. A nan gida kuma, ku tambayi Bayaraben da ya yi firamare wane ne J. F. Odunjo, mai jerin littattafan Alawiye. Da wuya ya gama amsawa bai rero muku wani abu daga ciki ba. Yarabawa na da mawaƙin yara mai suna. Mu muna da wanda ya share fili ya kafa harsashi, ginin ne ba mu ɗora ba.

INA MUKA KWANA?

Daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ta zama cibiyar rubutun Hausa, littattafan soyayya da na zamantakewa suka cika kasuwa, daga baya fim ya zo, yanzu kuma ga intanet. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma mu duba tsakaninmu da Allah: cikin abin da muke rubutawa, nawa ne na ɗan shekara biyar? Dandali ya ja baya a birni, filayen sun zama shaguna, tsohuwa na gefe jikoki na kan waya. Yaro a makarantar kuɗi yana rera waƙar dusar ƙanƙara da gadar Landan, abubuwan da bai taɓa gani ba, da harshen da ba a yi masa magana da shi a gida. Wanda bai ji daɗin Hausa a kunnensa yana ƙarami ba, da wuya ya nemi littafinmu in ya girma. Ashe ke nan maganar ta shafi kasuwarmu ma, ba tarbiyya kaɗai ba.

Ga abin da nake ganin za mu ɗauka daga rayuwar malamin nan.

Na ɗaya, a fara da saurare. Kafin ka rubuta wa yara ɗango ɗaya, ka nemi tsohuwar gidanku ka ɗauki muryarta. Wayar da ke hannunka ta isa. Ka rubuta sunan unguwa da shekarar da ka ɗauka, ka nemi izininta.

Na biyu, a koyi ginin waƙar yara daga masu ita. Ɗangonta gajere ne, numfashi ɗaya. Tana da amshin da kowa zai iya shiga. Tana tafiya da motsin jiki, ko tafi, ko tsalle, ko ƙirga yatsu. Tana son maimaici da kalmomin kwaikwayon sauti. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, don haka ɗangon da ya yi kyau a ido yana iya karyewa a baki. Ka rera kafin ka yarda da shi.

Na uku, a rage wa'azi. Tatsuniya ba ta tsayawa ta ce haɗama ba kyau, Gizo take bari ya kwashi kashinsa a hannu, yaro ya yi dariya ya gane da kansa. In kowane baiti naka umarni ne, yaro zai haddace don tsoron bulala, ya watsar ranar da aka yi hutu.

Na huɗu, a rubuta duniyar yaron yau. Adaidaita-sahu, ɗauke wuta, awara a bakin makaranta, ragon layya, hawan Sallah, kwatar da ta cika da damina. 'Yan matan da suka ƙirƙiri waƙoƙin gaɗa abin da ke gabansu suka waƙe.

Na biyar, alƙalinka yaro ne. Ka tara uku ko huɗu ka rera musu. In washegari ka ji ɗaya na yi shi kaɗai a tsakar gida, ka ci. In ba ka ji ba, ka koma ka gyara, kada yabon abokai ya ruɗe ka.

Aikin wannan mako: kowa ya samo waƙar yara guda ɗaya daga bakin wani babba a gidansu, ya rubuta ta yadda ya ji ta, ya faɗi garin da ake yin ta da wasan da ke tafiya da ita. Wanda ya ji zai iya, ya ƙara da tasa sabuwa, kada ta wuce baiti huɗu, ya gwada ta a kan yara tukuna sannan ya kawo mana labarin yadda suka karɓe ta.

Allah ya jiƙan Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da sauran magabatanmu, ya sa abin da suka bari ya zame musu sadaka mai gudana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.